Kakata Ta Yi Min Shiru Don In Iya Karatu

Sallama gare ku, ma'abota wannan shafi. Lokacin da abin nan ya same ni, ni yarinya ce 'yar aji uku a firamare, siririya, mai surutun tsiya a gida, bebiya a makaranta. Muna zaune a Limanti, cikin Maiduguri, tun ba a hana acaɓa ba. Babana Babarbare ne, fataucin bandar kifi yake yi, yau yana gida gobe yana bakin tafki. Ummata Bakanuwa ce, iyayenta suka zo da ita garin tana budurwa, kuma har ta yi aure ta haife ni Kanurinta bai wuce na gaisuwa da cinikin kayan miya ba. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga Khaddamari bayan rasuwar kakana. Ita kuma ko zo in kashe ki ba ta ji da Hausa, kuma ba ta ga dalilin da za ta koya ba.

To in Baba ba ya nan, ni ce tafintar gidan. Umma ta aike ni in tambayi Kaka ko a dama mata kunu, Kaka ta ce in gaya wa uwata gishirin jiya ya so ya kai ta lahira, ni kuma in tsaya a tsakar gida in tace maganar, in je in ce wa Umma Kaka ta yaba miya, sai dai a ɗan rage hannu. Da haka suka zauna lafiya, kowacce tana ganin ɗayar mai kawaici ce. 'Yar Afuno Kaka take kirana, wato 'yar Hausawa. Takan ce ƙafafuna na Kano ne amma bakina nata ne, ba mai ƙwace mata shi. Ni kuma in murguɗa baki in ce ai ita ce abin tausayi, ta tsufa ba ta iya gaida maƙwabta ba. Sai ta ɗaga mafici kamar za ta kwaɗa min, ta ƙare da yi min fifita.

Turaren wuta Kaka take haɗawa, kuma har yau in na rufe ido ɗakin nan nata nake gani. Tsakanin tashi daga boko da tafiya Islamiyya can nake shigewa. Rana tana ratso tagar katako, hayaƙi yana tashi daga kasko a hankali yana naɗewa cikin hasken, ni ina kwance da kaina a cinyarta, lafayarta tana ƙamshin sandal da kajiji. Tana jujjuya itace cikin narkakken sukari tana ba ni labarin ƙuruciyarta: yadda suka taɓa ƙetare tafki a kwale-kwale, ruwa ba iyaka har ya haɗe da sama, ga shanu masu manyan ƙahoni suna iyo a gefensu, hancinsu kawai ake gani. Ban taɓa zuwa tafkin ba, amma wallahi na gan shi, a cikin hayaƙin nan na gan shi, har sanyin ruwan nakan ji a yatsun ƙafata. Wani lokaci ban san inda muryarta ta tsaya barci ya ɗauka ba. Kuma duk abin da ta faɗa sau ɗaya, gobe zan maimaita mata shi tiryan-tiryan, har da inda ta yi tari. Sai ta dafa kaina ta ce Allah ya ba jikarta kai, a bar ta kawai.

Kan nan da Kaka ke yabo bai tsinana min komai a makaranta ba. Haruffa ba sa tsaya min. In na zuba wa layi ido sai ya soma motsi, wani harafin ya juya min baya, wani ya haura layin sama, kamar tururuwa a kan faranti. Ni a zatona kowa haka yake gani, sauran yara sun fi ni saurin cafke su ne kawai. In kaina ya soma sarawa sai in mayar da ido taga, inda wata dalbejiya take kaɗa ganye, in tafi can tafkin Kaka in bar musu ajinsu. Abin da ya rufa min asiri shi ne yadda ake koyar da mu. Malam ya karanta layi, mu ɗauka da ƙarfi gaba ɗaya, ya karanta na gaba, mu sake ɗauka, har rufin kwano yana amsawa. Aji cike maƙil, ga 'ya'yan Barebari, ga Shuwa, ga Margi da Babur, ga mu masu jin Hausa, rabinmu ba mu san me muke ihu a kai ba. Ni kuwa kunne gare ni. Sau biyu na ji shafi na haddace shi, sai in riƙe littafi ina jan yatsa a kai kamar gaske. A Islamiyya ma haka, har ana nuna ni ana cewa a yi koyi da ni. In jarrabawar rubutu ta zo na faɗi, sai a ce wasa ya yi min yawa.

Ranar da asirina ya tonu, malamin ajinmu ya tashe ni tsaye, ya buɗe littafi daga tsakiya ya ce in karanta. Na dubi hoton da ke gefe, na ga kamar na san shafin, na zuba karatu ba gargada. Ashe wani shafin daban nake rerawa. Aji ya kwashe da dariya, har da masu buga benci. Malam ya nuna kalma ɗaya tak ya ce in faɗe ta, na tsaya ina kallonta tana rawa. Washegari aka kira Umma. Hedimastanmu dattijo ne mai kirki, ba zan yi masa ƙazafi ba, sai dai iyaye sun yi masa layi a ƙofar ofis. Ya tambayi Umma harshe nawa nake ji. Ta lissafa masa: Hausa a wurinta, Kanuri a wurin Kaka, Larabci a Islamiyya, ga Turancinsu. Ya girgiza kai ya ce ai ga matsalar nan a fili, an cika wa yarinya kaya, ƙaramar tukunya ba ta ɗaukar tuwon gayya, a rage mata ɗaya. Larabci ba a taɓa shi, na addini ne. Turanci da shi ake jarrabawa. Hausa da ita malamai ke bayani. Saura Kanuri ke nan. A tsaye ya faɗi maganar, kafin mu juya har ya soma sauraron wani uban.

Kada wani ya zagi Ummata. An cire ta daga makaranta tana ƙarama don ta taya uwarta aiki, kuma na sha ganin yadda fuskarta ke canzawa a asibiti in sai ta roƙi wani ya karanta mata yadda ake shan magani. Ta rantse 'yarta ba za ta yi wannan rayuwar ba. Da muka dawo gida Baba yana tafki, ba wanda zai kai wa Kaka saƙon sai ni. Umma ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin kamar yadda ta saba, ta ce in faɗa wa Kaka abin da malam ya ce. Ni da na ƙware a tace magana, ranar na rasa ta inda zan tace. Dariyar aji tana kunnena, kuma ni ma na yarda an gano cutata. Na buɗe baki da harshen Kaka na gaya mata cewa malam ya ce harshenta ne ya hana ni karatu, sai ta daina yi min shi kaina zai buɗe. Ta ajiye cokalin da ke hannunta. Ba ta yi fushi ba, ni da ma fushin ta yi. Tambaya ɗaya ta yi min, ko mutumin nan malami ne na sosai, mai almajirai a ƙarƙashinsa. Na ce shi ne babban duk malaman. Ta gyaɗa kai ta ce to an gama, a gidan da ta tashi ba a ja da maganar malami, mai ciwo in an hana shi gishiri haƙuri yake yi. Ta ce in tashi in tafi wurin uwata, Allah ya buɗa min. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta yi min da Kanuri.

Ba a hana ni shiga ɗakinta ba, sai dai ɗakin ya zama wani iri. Hayaƙin yana nan, hasken yana nan, cinyar tana nan, tafkin ne kawai ya ƙafe. In tana son in miƙo mata abu sai ta nuna da baki. In na yi mata magana ta ɗora yatsa a leɓena. Da Baba ya dawo ya ji, ya sosa ƙeya ya ce shi bai san kan boko ba, abin da masu shi suka ce shi ke nan, shi ma ya koma yi min Hausa. Na lura Kaka tana shan wuya. Sau da yawa sai ta ɗauko magana, ta kai bakin leɓe, ta haɗiye ta da istigfari. Ana nan sai ta ce wa Baba damina ta kawo kai, tana so ta koma Khaddamari wurin ƙaninta ta ga gona. Baba ya yi magiya, ta ƙi. Sai daga baya ya gaya mana ainihin abin da ta ce masa, wai bakin tsohuwa ba shi da linzami, in tana ganina wata rana zai suɓuce ta ɓata min magani. Ranar da za ta tafi na riƙe gefen lafayarta ina kuka har bakin titi, ita kuma tana ta shafa kaina, bakinta a rufe gam.

Garin neman gira aka rasa ido. Kaka ta tafi, haruffa ba su daina rawa ba. Na faɗi jarrabawa warwas, aka ce in maimaita aji. Na daina surutu a gida ma. In an kai ni Khaddamari gaisuwar Sallah, Kaka ta rungume ni ta tofa min addu'a da Larabci, ta cika min leda da gyaɗa, shi ke nan. A raina na yanke cewa ni daƙiƙiya ce ta gasken gaske, tunda an rage min kaya ma na kasa tashi, kuma na sa a kaina cewa sai ranar da na iya karatu za a mayar min da Kakata. Da wannan nake shiga aji kullum, da shi nake fita.

A shekarar maimaicin ne aka kawo mana wata malama daga kudancin Borno, gajeruwa, mai dariya da ƙarfi, ba ta riƙe bulala. Tun makon farko ta hargitsa mana aji. Ta sa aka juya bencuna muna fuskantar juna ƙungiya-ƙungiya, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar da wane harshe ake yi wa kowa faɗa a gida. Duk abin da za ta koyar, sai ta fara kawo shi mu gani ko mu taɓa, kofi ne, ganye ne, igiya ce. Ta faɗe shi da Hausa, ta sa wanda ya gane a kowace ƙungiya ya bayyana wa 'yan'uwansa da harshensu, Bashuwa da Larabcinsa, Bamargi da Marginsa, sannan a ƙarshe ta ɗora Turancin a kai. Yaran da muka ɗauka kurame ne sai ga su suna gardama a kan lissafi. Wata yarinya da ake yi wa kallon mai taurin kai, ashe kunne ɗaya ne ba ya ji, Malama ta matso da ita gaba ta ɓangaren kunnen mai lafiya, magana ta ƙare. Karatun ihu kuwa ta rage shi sosai, ta ce a cikin taro ba a gane wanda bai ci ba.

Ni kuwa ba ta taɓa tashe ni tsaye a gaban aji ba. Lokacin hutun tara take kirana da wasu 'yan kaɗan, mu zauna a gindin dalbejiyar nan. Ta zuba yashi a tire ta ce in zana harafi da yatsa, babba, ina faɗin sautinsa da baki. Muka kwaɓa yumɓu muka gina haruffa, muka shanya su a rana, ta sa in rufe ido in shafa in faɗi wane ne. Abin mamaki, harafin da na riƙe a hannu ba ya iya juya min baya. Kalma mai tsawo mu tafa mata hannu gaɓa-gaɓa. Ta yanka kwali ta yi masa 'yar taga, in ɗora a kan shafi, layi ɗaya kawai nake gani, sauran tururuwar suna rufe. In gwaji ya zo ta karanta min tambaya in amsa da baki, ta ce tana son ta san abin da na sani tukuna, rubutu zai biyo sawu. Ba dare ɗaya abin ya zo ba, na yi kuka a kan tiren nan ba adadi. Amma wata rana muna dawowa daga kasuwa da Umma, na ɗaga kai na ga allon wani shago, haruffan suka tsaya cik kamar an tsawata musu, na karanta. Na ja hannun Umma na sake karantawa da ƙarfi. Ta tsaya a tsakiyar hanya da kayan miya a hannu, masu acaɓa suna ta yi mana hon.

A ƙungiyar masu Hausa nake zaune, Malama ba ta san ina jin wani harshe ba. Sai rannan wata yarinya a ƙungiyar Barebari ta yi wata tsokana da Kanuri, dariya ta ƙwace min kafin in kama ta. Malama ta juyo ta ce au, ashe ina ji, me ya sa ban faɗa ba, ai da ta sa ni ina taya su bayani. Na ce mata an hana ni, yana toshe min kai, har Kakata ta bar gida saboda haka, amma yanzu da na fara iyawa ƙila an kusa mayar min da ita. Ina faɗa ina murna. Sai na ga dariyar nan tata ta ɗauke. Ta jawo benci ta zauna, ta sa na ba ta labarin tun daga farko, sannan ta ce gobe in zo da mahaifiyata.

Da Umma ta zo, Malama ba ta ci mutuncin hedimasta ba. Ta ce wa Umma mutane da yawa haka suka ɗauka, da kyakkyawar niyya, amma ba haka abin yake ba. Ta ce ita kanta da harshe huɗu ta tashi, kuma a ajin nan akwai yara masu harshe ɗaya tak da haruffa ke yi wa irin rawar da suke min. Wasu yaran haka Allah ya halicce su, idonsu lafiya, hankalinsu lafiya, hanyar da rubutu ke bi ya shiga kansu ce daban, sai a bi da su ta hannu da kunne. Ta ce harshen da aka yi wa yaro rarrashi da shi ba kaya ba ne a kansa, a kansa ake ɗora sauran, kuma wannan haddar da nake da ita, da yawan kalmomin da na sani, a cinyar tsohuwar nan na samo su. Umma ta fara gardama, ta ce to ai ga shi bayan an daina ne na iya. Malama ta ce shekara guda aka yi da dainawa ban iya ba, sai da aka canza hanya. Umma ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta ce innalillahi, ita ta kori tsohuwar mutane da hannunta.

Asabar ɗin makon muka hau mota sai Khaddamari. Damina ce, gonaki sun yi kore shar, gero ya fi ni tsayi, ina leƙe ta taga ina jera labaran da zan ce Kaka ta maimaita min. Mun same ta a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa. Umma ta zube a gabanta ta ce in roƙa mata gafara. Na buɗe baki, sai na ji Kanurin ya yi min nauyi, ina laluben kalmomin da a da suke zubo min. Ina cikin in'ina sai Kaka ta ɗaga hannu, ta dube ni, ta yi min sannu da zuwa da Hausa. Ta tambaye ni ya makaranta, ya gajiyar mota, ko na ci abinci. Hausa ce karyayyiya, tana ɗingishi, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, amma Hausa ce. Ashe tun da ta dawo take zama wurin matan da ke zuwa sarin albasa da kuɓewa, tana tambayarsu sunan abu ɗaya-ɗaya, suna yi mata dariya tana sake tambaya. Ba ta gwada a kaina da Sallah ba don tana jin kunya bai nuna ba. Tsohuwa mai furfura ta koma ɗaliba don ta samu bakin yi wa jikarta magana.

Na ce mata ai an janye, kuskure aka yi, sabuwar malama ta ce harshenta bai taɓa yi min komai ba. Ta saurara har na gama. Sai ta tambaye ni ko yanzu ina karatu. Na ce ina yi, har allon shago na karanta. Ta ce da tana gidan ina yi? Na ce a'a. Ta yi murmushi irin na wanda ya ci gardama, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce to ai magani ya ci ke nan, kuma ba a barin magani don an ji sauƙi. Na yi bayani, Umma ta yi, daga baya Baba ya zo ya yi nasa da Kanuri tsantsa. Ta ce ita abin da idonta ya gani ta sani: ta yi shiru, jikarta ta iya. Ba za ta yi caca da kan yarinya don daɗin bakinta ba.

Da rikicin 'yan tada ƙayar baya ya yi tsanani a ƙauyuka aka dawo da ita Limanti, muka sake zama gida ɗaya shekaru masu yawa. Na gama firamare, na gama sakandare, ina ja a hankali da yatsana a kan layi, kamar yadda nake yi har gobe. Kaka tana hira da Baba da Kanuri, da maƙwabta, har da akuyar gidan, amma ina sako ƙafa sai ta juya harshe. Na yi mata wayo iri-iri. Na laɓe a bayan ƙofa ina sauraro, na yi mata tsokana ko za ta manta ta rama, na yi fushi na daina cin abinci. Ko gezau. Na roƙe ta labarin tafki, ta gwada da Hausa, ta ce ruwa da yawa, saniya ta yi wanka, ta tsaya tana neman kalma, sai ta yi dariya ta ce labarin ya gudu. Muna son juna, muna zaune tabarma ɗaya, hirarmu ba ta wuce an ci an sha ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, tsufa ya soma kwashe mata abubuwa, Hausar da ta koya da girma ita ta fara tafiya. Ta koma ba ta da sai Kanuri, tana ta sambatu da shi, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Na ce a raina, Allah ya gafarta min, yanzu kam zan ji. Wata rana da hantsi ina tsakar gida na jiyo muryarta daga ɗaki tana zuba kamar da, na lallaɓa na shiga na zauna a gefen katifa. Ta juyo ta dube ni. Mutane da yawa ta daina ganewa a lokacin, amma ni ta gane ni. Ta kama hannuna ta riƙe, ta datse leɓɓanta. Na sunkuya na gaya mata da harshenta cewa na gama makaranta, ba sauran jarrabawa, ta yi min magana ko kalma ɗaya ce. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido, ta girgiza kai. Komai ya zube mata, wannan ɗaya ce ta riƙe. Ta rasu a makon, Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba, don duk wanda ya sa hannu a abin nan sona yake yi. Abin da na koya shi ne, yaron da ya kasa karatu ba lalle daƙiƙi ba ne, kuma ba lalle harsuna ne suka yi masa yawa ba. Ku zauna da shi tukuna ku tambaye shi me yake gani a kan takardar, ni ba wanda ya taɓa tambayata sai Malama. Malamai, don girman Allah ku auna abin da kuke gaya wa iyaye. A garin nan maganar malami ba ta faɗuwa ƙasa, abin da kuka faɗa a tsaye a bakin ofis, wani gidan zai ɗauke shi kamar wahayi, kuma in kun janye ba lalle ya janyu ba. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ba abin kunya ba ne. Ku bar yara su shigo aji da harshen gidansu, ku koyar da su ta kansa. Iyaye kuma, duk wanda ya ce ku raba ɗanku da bakin kakarsa don ya yi boko, ku nemi wani ku sake tambaya kafin ku kai saƙon gida. Ni dai ga shi na iya, da hannuna na rubuto muku wannan. Amma tsohuwar da ta fi kowa sona ta koma ga Ubangijinta tana ganin muryarta cuta ce a gare ni, kuma ba ni da inda zan same ta in gyara.